Awon Adas: Giram Nawa Ne Kofi Ɗaya?

Wata 'yar uwa a Agege ta sayo adas leda guda mai giram 500 a wani kanti a Ikeja. Girkin da ta gani a waya kuwa da kofi ake lissafinsa, ita kuma ba ta da sikeli. Ga abin da ta tambaya da amsar da na ba ta.

Tukunna, wai mene ne adas ɗin?

Dangin wake ne, ƙanana, masu faɗi kamar maɓallin riga. Sunan daga Larabci muka aro, kuma ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 61, tare da albasa. A jikin leda lentil za ki ga an rubuta. Kanada da Indiya suna cikin ƙasashen da ke kan gaba wajen nomansa.

To, giram 500 kofi nawa ke nan?

Kofi biyu da rabi. Kofin awo mai mililita 240 yana cin busasshen adas giram 190 zuwa 200, a shafe. Kilo guda kofi biyar ke nan. In girkin na Amurkawa ne suka ce fam ɗaya, giram 454 suke nufi, wato kofi biyu da kwata har da ɗan ɗori. Babban cokalin awo kuma giram 12.

Ni gwangwanin madara da derika nake da su, yaya zan yi?

Nan ne rigimar take, 'yar uwa. Gwangwanin madarar ruwa bai kai kofi ba, kusan kashi biyu cikin uku ne, don haka yana cin wajen giram 130. Ledarki za ta ba ki gwangwani huɗu, na huɗun bai gama cika ba. Derika kuwa ban yarda a yi lissafi da ita kai tsaye ba. Asalinta gwangwanin tumatirin De Rica ne, amma je ki kasuwar Mile 12 ki duba na masu awo: wata ta lotsa a gindi, wata an rage mata baki, ga kuma tozon da ake yi mata, wanda ya danganta da hannun mai awo da yadda kuka gaisa. Wannan awon ciniki ne, na girki kuma a shafe ake yinsa. Ki cika, ki bi bakin da bayan wuƙa.

Dabarar da na fi so ita ce ta fiya wata. Leda ɗaya mililita 500 ce. Ki juye ta a roba mai nuna ciki, ki yi alama a inda ruwan ya tsaya, ki zubar, ki goge robar ta bushe. Adas da ya kai wannan alama giram 400 ne ko kusa da haka. Ƙa'idar ita ce, kowace mililita 100 tana cin kusan giram 80, kuma da ita za ki gane cikin kowane kwano na kicin ɗinki, har derikar.

Jan adas da mai ruwan ƙasa awonsu ɗaya?

Bambancin kaɗan ne, miya ba za ta sani ba. A tukunya suke rabuwa: jan ɓarzajje minti 15 ya narke, mai ruwan ƙasa da kore sai sun yi 20 zuwa 30. Ba sai an jiƙa su ba, tsinta da wanki sun isa.

In ya dahu, yaya yawansa?

Yana ninkawa har ya wuce. Kofi ɗaya busasshe yana komawa biyu zuwa biyu da rabi, kuma kofi uku na ruwa ake zuba masa. Ki kula da wannan sosai in kina karanta girki: in an ce dafaffen adas kofi biyu, busasshe kofi ɗaya za ki auna, ko ma ƙasa da haka. Ledarki in kika juye ta duka, ki nemi tukunyar da za ta ɗauki dafaffe kofi biyar zuwa shida.