Ilhami: Abin da Marubuta Waƙa Suke Nufi da Shi

A tsakanin matasan Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, masu rubuta waƙa, da wuya a tashi daga zama ba a ji wani ya ce ilhami ne ya zo masa ba. Abin da yake nufi shi ne baiti ya faɗo masa a zuciya ba tare da ya neme shi ba, wataƙila yana kan babur ko yana zaune bayan sallar asuba, baitin ya zo da karinsa da amsa-amonsa, har ya yi gaggawar rubuta shi a waya don kada ya kuɓuce masa. Kalmar daga Larabci take, kuma malamai suna bayyana ta da abin da ake jefawa a zuciyar bawa ba ta hanyar nazari ko koyo ba. Wannan ne ya sa ake tambaya ko rubuta waƙa yana da alaƙa da addini.

Dole a raba ilhami da wahayi. Wahayi na annabawa ne kaɗai, kuma an rufe ƙofarsa, ilhami kuwa yana iya zuwa wa kowa, kuma mafi yawan malamai ba su ɗauke shi hujja a shari'a ba. Aya ta 8 ta Suratus Shamsi ta nuna cewa Allah Ya yi wa rai ilhamin fajircinsa da taƙawarsa, saboda haka zuwan baiti cikin sauƙi ba shaida ba ne cewa alheri ne a cikinsa.

Larabawan jahiliyya sun yi imani cewa kowane sha'iri yana da aljanin da yake yi masa raɗa, kuma har yau a cikin Hausawa akan ce wani mawaƙi yana da iska idan fasaharsa ta wuce misali. Alƙur'ani ya yi magana a kan mawaƙa a ƙarshen Suratus Shu'ara, daga aya ta 224 zuwa ta 227, inda ya zargi masu faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya keɓe waɗanda suka yi imani, suka yi aiki nagari, suka yawaita ambaton Allah. Hassanu ɗan Sabitu yana cikin waɗanda aka keɓe, domin Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya mayar wa mushirikai martani da waƙa, ya ce masa Jibrilu yana tare da shi.

A wannan yanki namu al'amarin yana da dogon tarihi. Bayan Modibbo Adama, wanda ya kafa masarautar Adamawa, ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a 1809, waƙoƙin wa'azi da na madahu cikin Fulatanci da Hausa da Larabci suka bi malamai da fatake har Ngaundere da Marwa, kuma ta hanyarsu mutanen da ba su yi zurfi a karatu ba suka haddace tauhidi da hukunce-hukuncen ibada. Irin waɗannan waƙoƙi sukan buɗe da sunan Allah da salati, su rufe da godiya da roƙon gafara, abin da ke nuna cewa marubucin yana neman lada da aikinsa. Wanda ya taɓa kwana a zawiya daren maulidi, ya ji ana rera Burda, wato waƙar yabon Annabi (SAW), mutane suna amsawa, wani dattijo yana share hawaye da bakin rawaninsa, ya san abin da ake kira bege. An ruwaito cewa Imam Busiri ya yi wannan waƙa a Masar yana fama da shanyewar jiki, ya yi mafarki da Annabi (SAW), ya farka da lafiya.

A ganina, kuskuren da wasu matasa suke yi shi ne ɗaukar ilhami a matsayin uzuri, sai su sa waƙa a Facebook da karyayyen kari, in an yi musu gyara su ce haka ta zo. Shehu da 'yarsa Nana Asma'u sun ƙware a ilimin aruli, suna auna kowane ɗango. Baiti ɗaya ko biyu ilhami yakan bayar, sauran kuwa sai an zauna an yi gogewa da sakewa, kuma marubucin ne za a tambaya a kan abin da ya rubuta, waƙar madahu ce, ko ta soyayya, ko ta siyasa.