Kafin a gina shafin intanet: tambayoyin mai farawa da amsoshinsu

Da me ake farawa idan ana son gina shafin intanet?

Da takarda da biro ake farawa. Kafin a taɓa kwamfuta, ya kamata mai shafin ya iya faɗa a jimla ɗaya abin da yake so baƙo ya yi idan ya shigo: ya kira waya, ya sayi kaya, ya karanta darasi, ko ya cike fom. Telan da ke son a ga samfurin ɗinkinsa a ba shi aiki, da makarantar da ke son iyaye su san ranar komawa da kuɗin zango, ba tsari ɗaya zai yi musu ba. Na sha ganin shafukan da aka kashe kuɗi wajen ƙawata su, amma mutum ya yi ta laluben lambar wayar masu su bai samu ba, kuma dalili shi ne ba a zauna an amsa wannan tambaya tun farko ba.

Idan manufa ta fito fili, sai a lissafa sassan da ake buƙata, waɗanda huɗu ko biyar sun ishi mai farawa: shafin farko, bayanin ko su wane ne masu shi, kaya ko ayyuka, da hanyar tuntuɓa. Daga nan sai a zana kowanne a takarda, a nuna inda suna zai zauna, inda hoto zai shiga, da inda za a latsa. Gyara a wannan mataki bai wuce a soke layi a sake ja ba, alhali bayan an gina yakan ci kwanaki da kuɗi.

Mene ne bambancin adireshi da masauki?

Adireshi, wanda masu sana'ar ke kira domen, shi ne sunan da ake rubutawa don a isa shafin. Masauki kuwa wuri ne da ake haya a wata kwamfuta mai aiki dare da rana, inda rubutu da hotunan shafin ke ajiye. Akwai adireshi mai ƙarewa da .com ko .org, akwai kuma na ƙasashe, kamar .ng na Najeriya wanda hukumar NiRA ke kula da shi, da .ne na Nijar, da .gh na Ghana. Suna gajere wanda za a iya faɗa wa mutum ta waya ya rubuta ba kuskure shi ya fi.

A nan akwai abin da nake so a riƙe da kyau. Adireshi haya ce da ake sabuntawa, galibi shekara-shekara, kuma idan wa'adi ya wuce ba a biya ba, wani na iya ɗauke sunan. Saboda haka a yi rajistarsa da sunan mai shafin da imel ɗinsa, kalmar sirri kuma ta kasance a hannunsa, ko da wani aka ɗauka ya yi ginin. Wanda ya bar wannan a hannun magini, ranar da suka saɓa ko maginin ya yi nisa, zai tarar ba shi da iko da abin da ya biya.

Dole ne sai mutum ya koyi harsunan kwamfuta?

Ba dole ba ne, ko da yake sanin tushe yana da amfani. Tun lokacin da Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva a 1989, harshen HTML ne ƙashin bayan kowane shafi. CSS ke kula da launi da shimfiɗa, JavaScript kuma ke sa shafi ya amsa idan an latsa wani abu. Amma manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, tana ba mutum damar zaɓar tsarin da aka riga aka shirya ya zuba bayanansa, kuma sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya da ita aka gina su. Wix da Blogger ma suna yin irin wannan aiki.

Me ya sa ake cewa a fara tsarawa don waya?

Domin akasarin masu shigowa da wayar hannu za su zo, wasu da tsohuwar waya, da data ƙalilan, a wurin da sabis ke ɗaukewa yana dawowa. Google ma yanzu yadda shafi yake a waya yake dubawa wajen jera sakamakon bincike. Abin da ya fi nauyaya shafi shi ne hoto. Hoton da aka ɗauka da waya aka ɗora yadda yake yakan kai megabait da yawa, alhali idan aka rage girmansa, ko aka mayar da shi nau'in WebP, ido ba zai ga bambanci sosai ba, shafin kuma zai buɗe nan da nan. Bidiyon da ke kunna kansa cin datar baƙo ne ba da izininsa ba, kuma ina ganin bai dace ba. Maɓallai su kasance da faɗin da ɗan yatsa zai taɓa ba tare da ya haɗa biyu ba.

Launi da rubutu fa?

Launi biyu ko uku sun wadatar, salon haruffa kuma kada ya wuce biyu. Rubutu ya fita sarai daga bangon da ke bayansa, domin akwai masu raunin gani da masu karatu a cikin rana. Ƙa'idar da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta shimfiɗa ita ce bambancin haske ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Idan da Hausa za a rubuta shafin, a tabbatar an sa shi a kan tsarin adana haruffa na UTF-8, kuma salon haruffan da aka zaɓa yana ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kamar jerin Noto na Google. In ba haka ba, haruffan za su fito akwati-akwati ko su sha bamban da sauran, ko kuma marubuci ya gaji ya zubar da ƙugiyar, har ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata.

Wane tanadi ake yi don tsaro?

Adireshin ya fara da https, alamar cewa abin da ke tsakanin baƙo da shafin a rufe yake. Tun 2018 burauzar Chrome ke liƙa tambarin rashin tsaro a shafin da ba shi da https, kuma ƙungiyar Let's Encrypt na ba da takardar shaidar da ake buƙata don samun https kyauta, don haka babu uzurin barinta. Mai amfani da WordPress ya riƙa sabunta manhajar da ƙananan kayan da ya jona mata, domin ta tsofaffinsu masu kutse suka fi shiga, ya kuma ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam da masaukin.

Yaya za a gane shafi ya isa a fitar da shi?

A miƙa wa mutum biyu ko uku waɗanda ba su san aikin ba, a wayoyinsu, a ce su nemo farashi ko lambar waya, sannan a yi shiru a kalle su. Duk inda suka tsaya suna lalube, nan ne wurin da za a koma a gyara kafin a sanar da jama'a.