Sakacin ma'aikaci ba ya hana shi diyyar rauni a bakin aiki

An daɗe ana cewa idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki saboda sakacinsa, to ba shi da diyya, jami'in inshora zai yi watsi da buƙatarsa. Ba abin mamaki ba ne a ɗauka haka, tunda a haɗarin mota mai laifi ake fara nema.

Amma ba a kan laifi aka gina tsarin diyyar ma'aikata ba. Tun dokar inshorar haɗari da Jamus ta kafa a 1884, wadda ƙasashe da dama suka bi sahunta, ma'aikaci kan samu kuɗin magani da wani kaso na albashinsa ba tare da ya kama kowa da laifi ba. Abin da jami'in ke bincika shi ne ko raunin ya faru a cikin aiki kuma a dalilin aikin. Sai ya duba rahoton likita, bayanin shaidu da takardar albashi. Maye ko jikkata kai da gangan kan iya soke diyya a dokoki da yawa, amma mantuwa ko kuskuren hannu ba sa cikinsu.

Abin da ke damuna shi ne mutum ya ɓoye rauninsa don kunya, har wa'adin kai rahoto ya wuce.

Ku karanta dokar diyya ta inda kuke aiki, musamman wa'adin. Idan aka ƙi biya, ku nemi dalili a rubuce. Don Allah ku tura wa abokan aikinku wannan bayani.