Manhajojin Zanen Gini da Koyonsu a Zariya

Manhajojin zanen gini shirye-shirye ne na kwamfuta da ake tsara gida, masallaci, asibiti ko kasuwa da su tun kafin a haƙa tushe. Wasu suna fitar da zane a shimfiɗe kamar na takarda. Wasu kuma suna tayar da ginin ɗungurungum a fuskar kwamfuta, a juya shi, a leƙa cikinsa, a yanka shi a ga yadda bene ya hau kan ɗakunan ƙasa. A bakin jama'a sunan AutoCAD ne kan tsaya a madadin dukansu, ko da da wata manhajar aka yi aikin. Zariya tana cikin garuruwan da aka fi koyon wannan fanni a Arewa, saboda sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli.

Kafin zuwan kwamfuta

Tsara gini a Zazzau ya girmi takarda, balle kwamfuta. Maginan gargajiya a ƙasa suke shata ɗaki, su auna da taki da kamu, sauran lissafin yana kan babban magini. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne Babban Gwani, wanda wasu ke kira Muhammadu Durugu, wasu Malam Mika'ilu, kuma har yau akwai unguwa mai sunansa a cikin birni. Shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajajen shekarun 1830 zuwa 1840. Da tubali da azara ya ɗaga rufinsa. Azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta kai mita biyu ko ta wuce, don haka sai a riƙa ɗaura ta hawa-hawa daga bango, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, har su haɗu a sama su ba da bakan gizo. Duk wanda ya tsaya ƙarƙashin irin wannan rufi ya san lissafi ne tsantsa, ko da ba a rubuta shi ba.

Karatun zanen gini na boko ya soma ne a Ibadan a 1952, ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Najeriya, aka dawo da shi Zariya wajajen 1955. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sai ya zama sashenta, kuma shi ne mafi daɗewa a ƙasar. Shekara da shekaru kayan aikin ɗalibi su ne allon zane, dogon rula mai kan T, kamfas, alƙalamin tawada da takarda mai shara-shara. Kuskure ɗaya na tawada kan sa a kankare da reza, ko a sake zanen daga farko. Samfurin gini kuwa da kwali da gam ake haɗa shi.

Tarihin manhajojin

Galibi ana danganta mafarin zane da kwamfuta ga Ivan Sutherland, wanda ya ƙirƙiri Sketchpad a 1963 yana ɗalibin digiri na uku a jami'ar MIT ta Amurka. Da wani alƙalami mai haske yake zana layi a jikin gilashin kwamfutar, kuma yana iya umartar layuka biyu su daidaita ko su yi kusurwa. A tsakiyar shekarun 1970 Charles Eastman ya kawo tunanin a ajiye gini a kwamfuta a matsayin tarin sassa, kowane da bayaninsa. Amma kwamfutocin wancan zamani sai manyan kamfanoni da jami'o'i.

Abin ya sauko hannun ƙananan ofisoshi ne a Disambar 1982, lokacin da kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD don kwamfutar tebur. A wannan shekarar Gábor Bojár ya kafa kamfanin Graphisoft a Budapest ta ƙasar Hungary, inda aka samar da ArchiCAD, wadda siffarta ta farko ta fito wajajen 1984. Revit ta fito a 2000, Autodesk ya saye ta a 2002. SketchUp ma a 2000 ta fito daga wani ƙaramin kamfani a jihar Colorado. Google ya saye ta a 2006 ya saki wata siffa kyauta, abin da ya yaɗa ta a tsakanin ɗalibai a duniya, sannan ta koma hannun kamfanin Trimble a 2012. Rhino, wadda ta ƙware a lanƙwasassun siffofi, ta fito a 1998.

A makarantun Najeriya sauyin ya zo a hankali, ya fi kankama ne daga shekarun 2000 da kwamfutar tafi-da-gidanka ta fara araha.

Rabe-rabensu

AutoCAD layi take zanawa: layuka biyu a jere bango ne a idon mutum, ita kuwa layuka kawai ta sani. SketchUp da Rhino siffa suke ginawa. Revit da ArchiCAD su ne ake kira BIM, wato manhajojin da ke ajiye kowane sashen gini da bayaninsa, inda bango ya san kaurinsa da abin da aka yi shi da shi, idan aka matsar da taga a zanen ƙasa sai ta matsa a zanen fuska da na yanka, lissafin ƙofofi da tagogi ma ya gyara kansa. Lumion, V-Ray da Twinmotion aikinsu ƙawata hoton ƙarshe ne.

Matakan farko na koyo

Abu na farko da ake nuna wa sabon ɗalibi shi ne saita ma'auni. A Najeriya da milimita ake zanen gini, alhali magini a fili inci yake faɗa. Bulo mai inci tara shi ne 225 a zane, mai inci shida 150, ƙofar ɗaki da aka saba kuwa 900 a faɗi, 2100 a tsayi. Wanda ya buɗe manhaja tana kan inci bai lura ba, zai zana ɗakin da ya fi fili girma. Ana zana komai a ainihin girmansa, sai wajen bugawa a rage shi zuwa 1:100 ko 1:50.

Darasin da malamai suka fi bayarwa shi ne ɗalibi ya ɗauki tef ya auna ɗakin da yake kwana, ya zana shi a takarda, sannan ya shigar da shi kwamfuta. A AutoCAD umarni kaɗan ne ke ɗaukar yawancin aikin, kuma da haruffa ake kiransu: L na jan layi, O na fitar da layi a gefen wani don kaurin bango, TR na datse abin da ya zarce, CO na kwafa. Ana raba bango, ƙofofi, rubutu da awo, kowane a shimfiɗarsa da launinsa, don a iya ɓoye wani a bar wani. A SketchUp kuwa ana zana murabba'i a ja shi sama ya zama bango, ana bin layuka uku, ja da kore da shuɗi, shuɗin shi ne na tsaye. Kuskuren da kusan kowa ke yi a nan shi ne rashin ɗaure sassa rukuni-rukuni, sai rufi ya manne da bango, a taɓa ɗaya ɗayan ya karkace. A Revit an saba fara kafa matakan tsayi da layukan ginshiƙai kafin a sa bango, shi ya sa ake jinkirta ta har ɗalibi ya fahimci yadda gini ke tsayuwa.

Akwai abin da bai kamata a bari sai ƙarshe ba, wato sa alamar arewa da wurin da filin yake. Zariya tana kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, kuma da an shigar da wannan, manhaja za ta nuna inda inuwa ke faɗuwa da hantsi da la'asar a kowane wata. Da haka ake gane tagar da za ta sha ranar yamma, da ɓangaren da ƙurar hunturu ke bugowa daga arewa maso gabas. Mai zanen masallaci kuma da alƙibla zai fara.

Ginin ƙasa a cikin kwamfuta

Rumbun sassan da ke zuwa da waɗannan manhajoji na ginin Turai da Amurka ne: miƙaƙƙen bango, ƙofar katako, rufin kwano ko na tayil. Babu azara a ciki, babu zanko, babu daurin guga, babu indararo. Bangon tubali yana da kauri a gindi ya sirance a sama, kusurwarsa a murɗe take, adon fuskarsa kuma da hannu aka yi shi. Ɗalibin da ke son tayar da zaure ko soro dole ya ƙera sassan da kansa, kuma Rhino ko wata manhajar mai suna Blender sun fi sauƙin lanƙwasa a irin wannan aiki. Wahalar tana da amfani, domin sai ya je ya auna, ya tambayi magina sunan kowane sashe da aikinsa. Ruftawar wani ɓangare na Masallacin Juma'a na Zariya a Agustan 2023, wadda ta yi sanadin rasuwar masallata, ta ƙara nuna muhimmancin auna tsofaffin gine-ginen birnin da adana zanensu tun suna tsaye.

Kayan aiki da lasisi

AutoCAD da SketchUp suna tafiya a matsakaiciyar kwamfuta, Revit da Lumion kuwa sai mai ƙarfi. Linzamin kwamfuta (mouse) mai ƙafar juyawa a tsakiya wajibi ne. Autodesk da Graphisoft suna ba ɗalibai lasisin karatu kyauta idan sun nuna shaidar makaranta, Blender kuma kyauta ce ga kowa. Saboda ɗaukewar wuta, ana koya wa ɗalibi yawan adana aikinsa da ajiye kwafi a filashi.

Saɓani

Malamai sun rabu kan lokacin da ya dace ɗalibi ya bar fensir ya kama linzami. Wasu na ganin gaggawa tana kashe hannu, wasu na ganin jinkiri ɓata lokaci ne. Iya manhaja kuma bai mai da mutum mai zanen gini a doka ba. Wannan sai da rajistar ARCON, hukumar yi wa masu zanen gini rajista a Najeriya, wadda aka kafa a 1969.