Kafili ba shi da ikon riƙe maka fasfo

Tun da daɗewa, 'yan uwanmu da ke aiki a Jidda da Makka da Riyad sun ɗauka cewa da zarar kafili, wato mai ɗaukar nauyinka a wurin aiki, ya yi maka iƙama, wato takardar izinin zama, fasfonka ya zama nasa har kwangila ta ƙare. Wasu ma da hannunsu suke miƙawa tun a filin jirgi. Ba haka dokar Saudiyya ta ce ba. Tun shekarar 2000 Majalisar Ministoci ta hana mai ɗaukar aiki riƙe fasfon ma'aikacinsa, kuma ma'aikatar da ke kula da ƙwadago tana cin tarar wanda aka kama. Fasfo mallakar ƙasar da ta ba ka ne, kai aka danƙa wa amanarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne mata masu aikin gida. Da yawa ana tsoratar da su da cewa neman fasfo tamkar gudu ne daga aiki. Ƙarya ce, dokar masu aikin gida ma ta hana riƙe musu takardu.

Idan kafili ya ƙi ba ka, kira ma'aikatar a lamba 19911, ka kuma sanar da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarka da ke Jidda.