Atishawar kaka da hunturu: abin da ya kamata a sha, da abin da ya kamata a guje wa

Daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu, shagunan magani a Birnin Kebbi da Argungu da Jega kan cika da masu atishawa da yoyon hanci. Da yawansu alaji ke damunsu, ba mura ba, kuma abin da ake ƙulla musu a leda ba maganinsa ba ne.

Ta yaya zan bambance alaji da mura?

Mura ƙwayar cuta ke kawo ta, takan zo da ɗan zazzaɓi da ciwon jiki, ta wuce cikin mako guda zuwa kwana goma. Alaji kuwa garkuwar jiki ce ke ɗaukar ƙura ko bununi a matsayin abokin gaba, sai ta saki sinadarin histamin. Shi ke jawo atishawa a jere, majina mai ruwa-ruwa, da ƙaiƙayin ido da hanci da maƙogwaro. Babu zazzaɓi, yana iya kai makonni, kuma duk shekara lokaci ɗaya yake dawowa.

Ni nawa tun kafin hunturu yake tashi. Me ke kawo shi?

Ba ƙurar hunturu kaɗai ba ce. Idan gero da dawa da ciyawa suka yi bununi, iska na kwasarsa. Daga nan sai sussuka da sheƙa, sai ƙurar injin casar shinkafa, sai hayaƙin ƙone tattaka a fadama. Ɗakin da ya sha danshin damina har ya yi funfuna shi ma yana tayar da shi.

Piriton nake sha, yana min aiki. Akwai laifi?

Yana aiki, amma yana sa barci da kasala, kuma aikinsa ba ya daɗewa, shi ya sa ake maimaita shi bayan awa huɗu zuwa shida. Direban da zai ɗauki hanyar Birnin Kebbi zuwa Yauri, da ɗan acaɓa, da mai aiki a bakin inji, ina roƙonsu da su bar shi. Cetirizine ko loratadine, miligiram 10 sau ɗaya a rana ga babba, sun fi dacewa. Ko cetirizine ɗin yakan sa wasu gyangyaɗi, don haka a fara gwada shi da dare. Mai juna biyu da ƙaramin yaro sai an tambayi likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani, kuma a duba lambar NAFDAC a jikin kwali.

Hancina ne ke toshewa, ƙwaya ba ta buɗe shi.

A nan maganin fesawa a hanci ya fi ƙwaya, irin su fluticasone da mometasone da beclometasone. Suna rage kumburin cikin hanci ne, amma ba nan take ba: sai an yi kwanaki, wani lokaci mako biyu, ana fesawa kullum kafin a ga cikakken amfaninsu. Mutane da yawa kan jefar da shi a rana ta biyu su ce jabu ne. Wanda ya san watan da abin ke kama shi, ya fara mako ɗaya ko biyu kafin lokacin. In za a fesa, a ɗan sunkuyar da kai, a karkata bakin kwalbar zuwa gefen kunne, kada a nufi guringuntsin tsakiyar hanci.

Akwai wani iri daban, kamar Otrivin, mai buɗe hanci cikin mintuna. Kada a wuce kwana biyar ana amfani da shi. Idan aka zarce, hancin kan saba, ya ƙara toshewa fiye da da.

A kemis an haɗa min da kafso da wata ƙaramar ƙwaya, na warke sarai. Me zai hana in ci gaba?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna. Kafso irin amoxicillin ƙwayoyin bakteriya yake kashewa, ba ruwansa da alaji. Shansa a banza yana sa ya daina aiki ranar da ake buƙatarsa da gaske. Ƙaramar ƙwayar nan kuwa sau da yawa dexamethasone ce ko prednisolone. Tabbas suna kwantar da atishawa, shi ya sa mutum yake komawa. Amma yawan shansu yana hau da jini da sukari, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, yana kumbura fuska, kuma wanda ya daɗe a kansu bai kamata ya tsaya farat ɗaya ba sai da likita. Ka tambayi sunan kowace ƙwaya kafin ka haɗiye ta, haƙƙinka ne.

Haka abin yake ga yaran da idonsu ke ƙaiƙayi har farin ya koma ruwan ƙasa. Maganin ɗigawa a ido mai sitiroyid, wato dangin dexamethasone ɗin nan, in aka daɗe ana sa shi ba kulawar likitan ido, yana iya jawo hawan jinin ido ko yanar ido. Mai sodium cromoglicate ko olopatadine ya fi aminci. Kuma a hana yaro murza ido.

Ban da magani fa?

Wanke hanci da ruwan gishiri yana taimakawa ƙwarai: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. A sa takunkumi ko a ja rawani wajen sussuka da kan babur. A yayyafa ruwa kafin shara, a rufe taga idan hazo ya sauka, a canza kaya bayan dawowa daga gona. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa suna ƙara tayar da abin. Shayin citta da zuma yana sanyaya maƙogwaro, amma ba ya hana alajin dawowa.

Yaushe ne zan tafi asibiti?

Idan numfashi na fita da shewa ko ƙirji ya ɗaure, ana iya samun asma, domin ita da alaji sukan zo tare. Tarin da ya wuce mako biyu a gwada shi ko tarin fuka ne. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya a lokacin rani alamun sanƙarau ne, kuma Kebbi na cikin yankin da yake ɓarkewa. Mai irin wannan a kai shi asibiti mafi kusa a ranar, ko Asibitin Sir Yahaya ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ga wanda ke Birnin Kebbi.