Lambar ƙarshe ta asusun bankinka ba banki ne ya zaɓa ba

Kowane mai POS a Ƙofar Ƙaura ya san lambar asusu goma ce cif. Hakan ya samo asali ne daga tsarin lambar asusu na bai ɗaya, wato NUBAN, da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2010, bayan shekaru kowane banki yana ba da lamba da tsawon da ya ga dama. A cikin goman nan, tara na farko ne kawai banki ke bayarwa. Ta goma lissafi ke haifar da ita, aikinta gadin sauran.

Kowane bankin kasuwanci yana da lambarsa mai guda uku: First Bank 011, UBA 033, Zenith 057. Sai a ajiye ta gaban lambobi tara ɗin, su zama goma sha biyu, a ninka su bi da bi da 3, 7, 3, a yi ta maimaitawa har ƙarshe. A haɗa jimla, a ɗauki lambarta ta ƙarshe, a ɗebe daga 10. Idan amsar ta fito 10, sai a rubuta sifili.

Ga misali da 011 da 000001457. Sifilai ba su kawo komai, saura 7, 3, 3, 12, 35 da 21, jimla 81. Ɗebe 1 daga 10, saura 9. Cikakkiyar lambar ke nan: 0000014579.

Dabarar tana wajen zaɓen 3 da 7. Babu wadda 2 ko 5 ke raba ta, saboda haka duk lamba ɗaya da ka kuskure, dole ƙarshen jimlar ya sauya, mai gadin ya kama.

Amma gadin yana da kafa, kuma ita ta fi damuna. A lambar asusun, lamba ta uku da ta huɗu duk da 3 ake ninka su, haka ta shida da ta bakwai. In ka musanya su, jimla ba ta motsi. 0000041579 za ta wuce lafiya lau, alhali 1 da 4 sun sauya wuri. Ko inda 3 ke maƙwabtaka da 7, musanya lambobin da tazararsu biyar ce, kamar 2 da 7, ba ya tayar da ƙura. Ga shi kuwa irin kuskuren da ake iya yi ke nan in ana karanto lamba ta waya cikin hayaniyar kasuwa.

Sannan tunda lambobin gadi goma ne kacal, lamba ɗaya tana iya dacewa da lissafin bankuna biyu ko fiye. Ɗan kasuwar da zai tura kuɗin hatsi Daura, in ya danna bankin da ba shi ba, yana iya faɗawa asusun wani bawan Allah. Sunan da ke fitowa a fuskar waya kafin a sa lambar sirri, shi ne ke toshe wannan kafar.